Yatsa na Goma

Tara ba mutum ba ne mai saurin yarda. In ka ce masa an yi ruwa, sai ya leƙa taga, in ya ga ƙasa a jiƙe kuma ya tambayi wanda ya zubar da ruwan wanki. Maiɗakinsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta tsufa tana koyar da 'yan firamare, takan ce ko madubi ya duba sai ya sake waiwayawa, ya ga ko na cikin ya bi bayansa da harara. Shi kuwa ba ya musu. Yakan ce kunnensa kaɗai ya yarda da shi, shi ma don sun daɗe tare.

Sana'arsa kiɗan piyano, irin na lantarkin nan da ake ɗauka a jaka. Sunan kuma daga hannunsa na dama ya samo shi. Yana saurayi yana bin yayansa, wanda ya koya masa kiɗa tun daga yadda ake zama a kujera, wata rana janareto ya mutu ana tsakiyar wasa. Tara ya ruga don ya taimaka a tayar, bel ya kama yatsan da ke kusa da ƙaramin, wanda ake sa wa zobe, ya tafi da rabinsa. Abin da ya rage guntu ne mai santsi a kai, babu farce.

Masu zuwa dubiya suka riƙa yi masa magana kamar wanda ya riga ya bar sana'a. Wannan ya ce akwai gurbi a shagon kawunsa, wancan ya ce tuƙin mota ba ya neman yatsu goma. Yayan ne kaɗai bai ce uffan ba. Ya ɗauko piyanon ya ajiye a gefen katifa, ya jona wuta, ya fita. Da bandejin a hannu Tara ya fara koyo daga farko. Inda yatsu huɗu ke sauka tare, ya koma saukar da uku, ƙaramin yana tsalle yana rufe abin da zai iya rufewa. Abin da bai rufu ba ya zama wani ɗan giɓi a tsakiyar sautin, giɓin kuma ya zama shaidarsa. Wanda ya san kiɗa, ko daga tsallaken titi ya jiyo waƙa, zai ce hannun Tara ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya ɗauka tun lokacin. Duk waƙar duniya daga wuri ɗaya yake kaɗa ta. In muryar mawaƙi ta yi sama ko ta yi ƙasa, sai ya danna maɓallin da ke ɗaga sauti ko sauke shi, hannunsa kuwa yana nan a kan haƙoran da ya saba. Haƙora yake kiran fararen da baƙaƙen abubuwan dannawar nan. Yaran makaɗa suna yi masa dariya a ɓoye, shi kuma yana ce musu 'yan haya, kullum cikin ƙaura.

A gidansu akwai doka, yayan ne ya kafa ta: ba a kallon hannun. Yaron da ya ƙura wa guntun ido, ranƙwashi zai sha kafin ya san laifinsa. Aka taso a haka, har surukai da suka shigo daga baya suka tarar da dokar suka bi. Tara kansa in zai gaisa, hannun a ɗan dunƙule yake miƙawa, ya janye da sauri. Zagi bai dame shi ba, ya sha shi ya ƙoshi. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne tausayi. An taɓa haɗa shi wasa da wani makaɗi mai kirki, wanda ya zauna a bayansa da nasa piyanon yana cika masa giɓin a hankali, a ganinsa alheri yake yi. Tara ya tsaya a tsakiyar waƙa, ya kashe nasa, ya naɗe waya. Har mutumin ya bar sana'a ba su sake zama a dandali ɗaya ba.

Da yayan ya rasu ya bar ɗa namiji, wanda yanzu ya zama magidanci har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Injiniya ake ce masa. Yana da sitidiyo a saman wani shagon sayar da fankoki da dutsen guga, ɗaki ɗaya da aka manne bangonsa da soso, da wani ɗan lungu mai gilashi inda mawaƙa ke tsayawa. A nan Tara ya kafa kujerarsa. Mawaƙa su zo su tafi, wasu su yi suna su manta hanyar benen, shi yana nan. Injiniya yana ce masa Baffa, kuma bai taɓa zama ba Baffa yana tsaye.

Ana nan sai wata rana Tara ya hau benen ya tarar da baƙon piyano a kan teburinsa, siriri, mara nauyi, babu sifika a jikinsa. Ya danna haƙori ɗaya, shiru. Ya danna uku, shiru. Ya ce an sayar wa yaron nan mataccen kaya.

Injiniya ya yi dariya ya jona wata waya, ya yi masa bayani. Ya ce wannan ba shi da murya ko kaɗan. In ka danna haƙori, saƙo yake aikawa cikin kwamfuta, ya faɗi wanda aka danna, da nauyin da aka danna shi, da lokacin da aka saki. Saƙon shi ake kira midi. A cikin kwamfutar kuma akwai wata manhaja mai hoton piyano a fuskarta, ita ke karɓar saƙon ta fitar da sauti. In Baffa ya kaɗa sau ɗaya, ana iya sa wa kiɗan muryar piyano yau, gobe a sauya masa ta sarewa, ba sai ya sake hawo benen da gwiwarsa mai ciwo ba. Ya ce ya gwada. Tara ya danna, sai ga haƙorin da ke cikin hoton ya nutse shi ma, sauti ya fito daga manyan sifikun, mai kyau har da ban haushi.

"Wato ni yanzu ba kiɗa nake yi ba," in ji Tara, "aike nake yi."

Injiniya ya ce kusan haka ne.

"Ɗan aike kuwa yakan ƙara gishiri a hanya."

Ya raɗa wa abin suna Bebe, ya mayar da tsohon piyanonsa gida ya tura ƙarƙashin gado. Bai faɗa wa kowa ba, amma hannunsa ya ji daɗin Beben. Haƙoran tsohon masu tauri ne, sai ka kai su har ƙasa kafin su yi magana. Na wannan kuwa laushi gare su, da ka ɗan jingina sun amsa. Aiki ya ci gaba yadda aka saba. Ya sa abin kunne na sauraro, a ƙure masa ƙarar ganga har ƙarshe, don haka yake so, ya kaɗa nasa ya sauka. Haɗa kiɗan da gyara shi aikin Injiniya ne, bayan kowa ya watse.

A shagon aski abin ya same shi. Mai askin ya gama rabin kai ke nan, wata sabuwar waƙa tana tashi daga 'yar sifikar da ke kan tebur, kuma Tara ya san kiɗan, don shi ya yi shi. Yana bi da kai a hankali, yana jiran inda giɓinsa yake kamar yadda harshe ke neman wajen haƙorin da ya fita. Aka zo wajen, babu giɓi. Wani sauti ya zauna a ciki daram, daidai inda ya kamata, cikakke.

Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da injin askin, ya ce a mayar da waƙar baya. Aka mayar. Ya ce a sake. Mai askin, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce ai shi ma ya lura, kwanan nan hannun Baba ya ƙara cika, kamar an yi masa sabon jini. Yabo yake yi, bawan Allah. Tara ya zauna aka ƙarasa askin, bai san an ƙarasa ba. Sautin nan yatsa ɗaya ne kawai zai iya kai masa a daidai lokacin, yatsan kuwa an binne shi tun kafin a haifi mai askin.

Tun daga ranar ya fara hawa benen da ido biyu. Da farko ya zargi Beben, sai ya ga abin da ba ya iya cewa komai da bakinsa ba zai ƙirƙiro ƙarya shi kaɗai ba, sai an sa shi. Wa zai sa shi? Bai daɗe yana nema ba ya haɗu da Dogo a matakala. Dogo makaɗi ne shi ma, matashi, yatsunsa zara-zara, goma cif. Ya rusuna ya gaida Tara, ya matsa jikin bango ya ba shi hanya, har ya nemi karɓar masa jaka. Tara ya ga ladabin ya yi yawa. Mutumin da bai ci maka komai ba, me zai sa ya rusuna har haka?

Ya shiga ɗakin ya tarar an ɗaga kujerarsa sama kaɗan. Ya tambaya, Injiniya ya ce wata mawaƙiya ce ta zauna jiya tana jiran a gama. Tara ya ce to. Da zai sauka ya tsaya wajen mai shagon fankoki, ya yi ta zagaye-zagaye da hirar zafi da wutar lantarki, sannan ya tambaya ko wani dogo yakan hau sama da yamma. Mai shagon ya ce dogaye da yawa suna hawa, gajeru ma haka. Tara ya sa shi a cikin waɗanda aka toshe wa baki.

Ya ɗauko zare daga gwangwanin ɗinkin Malama, ya gitta shi a kan ƙyallen da ake rufe Beben da shi, don ya gane in an buɗe. Washegari babu zare. Fankar sama tana juyawa a ɗakin nan tun safe har yamma, amma Tara bai sa fanka a cikin waɗanda ake zargi ba.

Sai ya yi shawarar ya kama su da kunne. Ranar da aka ɗauki wata waƙa ya zauna a miƙe, wuyan hannu a sama, haƙoransa a cije, yana ƙirga kowane yatsa da ya sauka. Waƙar ta fito, ya saurara, giɓinsa na nan. Wani zai ce magana ta ƙare. Tara kuwa cewa ya yi sun farga, sun san ana kallonsu. Bayan haka aka kawo wata waƙa mai taushi, ta shige shi har ya manta da tsaro, ya kaɗa ta da zuciya ɗaya. Da ta fito, ga baƙon sautin ya dawo, har wuri uku. Ya ce sun ɗauka ya yi barci.

Injiniya ma ya sauya, kuma sauyin bai taimake shi ba. Ya sayo wa kujerar sabon matashi. Ya riƙa tambayar gwiwa, yana tambayar Malama, yana rako Baffa har ƙasan bene. In Tara ya ɗago kai sai ya kama shi yana satar kallon fuskarsa, ya kawar da ido da sauri. Duk wanda ya ga haka ya san akwai abin da ke cin yaron, Tara kuma ya riga ya san ko mene ne.

A gida abinci ya daina shiga. Ya zauna a bakin gado da waya manne a kunne, ya mayar da waƙa baya, ya sake mayarwa, har Malama ta haddace baitin ba da son ranta ba. Ta ce in waƙar ce ta yi masa daɗi haka, a nemo masa mai ita su gaisa. Bai yi dariya ba. Da ta matsa, ya ce ana cika masa giɓi.

Ta ce ya tambayi yaron mana. Ita har yanzu yaro take ce wa Injiniya, da gemunsa da 'ya'yansa. Tara ya ce in ya tambaya za a ba shi amsa mai kyau, amsa mai kyau kuwa ita ce ba ya so. Yana maganar hannunsa na dama yana kan gwiwa yana bin kiɗan. Malama ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta dubi bango, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ba Dogo ne ke hana shi sukuni ba. Dogo ɗan sana'a ne, in an kira shi aiki zai zo. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ɗan yayansa, yaron da ya yi wa wasa a kan cinyarsa, ya zauna shi kaɗai bayan kowa ya tafi, ya saurari hannun Baffansa, ya ga yana buƙatar faci. Kuma ya yi facin a ɓoye, don kada tsoho ya ji kunya. Uban yaron bai taɓa yi masa haka ba, ko a ranar da jini bai gama bushewa a bandeji ba. Tara ya yanke cewa in haka ne, zai kwashe hannunsa daga ɗakin nan, kuma ba zai sake hawa benen ba ko da gaisuwa.

Ya zaɓi safiyar da babu mawaƙi. Ya zo da jakar da babu komai a ciki, ya fara zuba 'yan kayansa, abin kunne, tawul, kofin shayinsa. Injiniya ya miƙe tsaye, fuskarsa ta faɗa. Ya ce dama ya sani, ya ga alama tun tuni, in wata sitidiyon ce ta kira Baffa, a faɗa masa abin da ya gaza ya gyara. Ashe shi ma yana ɗauke da nasa zargin, shi ya sa matashin kujera da rakiya.

"Bar wannan zancen," in ji Tara. "Wa ke cika mini hannu?"

Injiniya bai gane ba. Tara ya kunna waƙar a wayarsa, ya ɗaga yatsan hagu yana jira, da sautin ya zo ya soki iska da shi.

"Ai kai ne, Baffa."

"Da wane yatsa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ko a wannan lokacin bai dubi hannun ba. Ya zauna gaban kwamfuta ya buɗe ɗanyen kiɗan, yadda ya shigo daga Beben kafin a taɓa shi. Tara ya sha ganin allon nan daga nesa, bai taɓa matsowa ba. Kowane dannawa ya zama 'yar sanda a kwance, mai tsawo ko gajera. Wadda aka danna da ƙarfi ja ce, wadda aka danna a hankali launinta ya kwanta. Suka je wajen. Ga jajaye uku a jere, a tsakaninsu kuma ga wata ƙarama, fara-fara, sai ka matso da ido kafin ka gan ta.

Injiniya ya ce abin da yake yi wa kowane kiɗa ɗaya ne, na Baffa da na kowa. Yakan tattara sandunan gaba ɗaya ya ɗaga masu rauni, don mutane a waya suke saurare, sifikar waya kuwa tana haɗiye duk abin da bai da ƙarfi. Ba ya bin su ɗaya-ɗaya. Ya ji sautin, ya ji daɗinsa, ya ɗauka wata sabuwar dabara ce Baffa ya samo, kuma ba huruminsa ba ne ya tambayi yadda Baffa ke yi da yatsunsa.

Tara ya ce zana ta aka yi. Injiniya ya ce wadda aka zana takan zauna daidai kan layi, wannan kuwa kullum a ɗan makare take, kuma tsawonta ba ya zama ɗaya. Tara ya ce Dogo. Injiniya ya ce Dogo waya ya zo ara, kuma hannun Dogo duk ja yake fitowa, kamar mai daka. Tara ya ce mai wayo ya iya sanɗa.

Daga ƙarshe aka tsaya a kan gwaji, bisa sharuɗɗan Tara. Shi ya kulle ƙofa ya sa makulli a aljihu. Ya bi wayar Beben da hannu tun daga bayansa har inda ta shiga kwamfuta, ya cire duk wata waya da bai yarda da ita ba. Ya sa Injiniya ya kife wayarsa a ƙasa ya harɗe hannuwa a ƙirji. Aka kashe ganga, aka ajiye abin kunne, aka ɗaga sifiku har ana jin hucinsu. Ya zauna a miƙe ya kaɗa wajen. Giɓi. Ya sake, giɓi. Ya sake na uku yana kallon yaron, sannan ya tashi ya ɗauki jakarsa. Ya yi nasara, kuma bai taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba.

Idon Injiniya ya yi ja. Bai sake kare kansa ba. Ya ce ya ji, ba zai tsare Baffa ba, amma yana roƙon abu ɗaya. Akwai kiɗan nan da babansa yakan yi in ya dawo gida a gajiye, wanda ba shi da waƙa, ba shi da suna. Ba a taɓa ɗaukarsa ba, kuma duk duniya Baffa kaɗai ya rage da ya iya shi. In yau ce rana ta ƙarshe, a bar masa shi a cikin kwamfutar.

Tara ya so ya ƙi, bakinsa bai ba shi haɗin kai ba. Ya ajiye jakar ya zauna. Kiɗan shi ne na farko da yayan ya ɗora masa yatsu a kai, tun suna goma. Ya fara a bushe, don a gama. Kafin ya kai tsakiya idonsa ya rufe, kafaɗunsa suka sauko, wuyan hannun ya kwanta har ya kusa taɓa katakon. Sai ga sautin. Ƙarami ne ƙwarai, kamar wani yana magana a ɗakin da ke maƙwabtaka, amma a cikin shirun nan ba mai cewa bai ji ba.

Ya buɗe ido ya dubi Injiniya. Hannuwansa na nan a harɗe. Ya dubi ƙofa, makulli na aljihunsa. Ya sake kaɗa wajen yana kallon allo, haƙora huɗu suka nutse a cikin hoton piyanon. Saura wuri ɗaya da bai duba ba, wurin da shi ma ya daina dubawa tun yana saurayi. Ya sake kaɗawa a hankali, ya sauke ido. Guntun ya sunkuya, ya taɓa farin haƙorin can sama kusa da baƙaƙen, ya tura shi a hankali har ƙasa, ya ɗago. Bai yi kuskure ba. Sautin da aka koya masa ne, a inda aka koya masa shi.

Can Injiniya ya ce, a hankali, akwai yadda zai gaya wa kwamfutar ta watsar da duk abin da bai kai wani nauyi ba, giɓin ya dawo yadda yake. Ya tambaya ko ya goge. Tara ya miƙe. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya bar jakar a ƙasa.

A gida ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya jawo tsohon piyanon daga ƙarƙashin gado, ya kai shi bakin taga. Haƙoran duk sun yi ruwan ƙwai, sun cinye daga gaba inda yatsu ke sauka. Guda ɗaya ne ke da wani ɗan tabo mai sheƙi can sama, inda cikakken yatsa ba shi da abin yi. Ya san tabon. Shekarun baya har ya tsare yaran gidan a kansa, ya ce wani ya goga masa wani abu, ba wanda ya amsa laifi, ya hana su shiga ɗakin wata guda. Ya ɗora hannu yadda ya saba, guntun ya sauka a kan tabon kamar ƙafa a tsohon takalmi. Ya tura, haƙorin ya nutse rabi ya tsaya. Shekara talatin da wani abu ke nan yana turawa yana tsayawa a rabi.

Malama tana tsaye a bakin ƙofa. Bai juyo ba ya ce mata yatsan nan yana kiɗa.

"Na sani," in ji ta.

Ya tambaye ta tun yaushe, kuma wa ya ba ta izinin kallo.

"Ban kalla ba, Baban yara. A kafaɗata nake jin sa, duk ranar da ka dafa ni kana tunanin wata waƙa. Tun kafin mu haifi babbar."

Ya daɗe a durƙushe. Kunya ta kama shi, ta Dogo, ta mai shagon fankoki, ta yaran da suka girma suka bar gida da laifin da ba nasu ba. A ƙarƙashin kunyar kuma akwai wani abu mai kama da murna, wanda bai san inda zai ajiye shi ba.

Da safe ya hau benen. Jakarsa tana inda ya bar ta, ba a taɓa ba, ya lura da haka. Injiniya ya miƙe. Tara ya ce kada a goge, kuma kada a ɗaga, a bar shi da ƙarfin da ya zo da shi. Injiniya ya ce in an bar shi haka, ba wanda zai ji shi a waya. Tara ya ce ba don waya ya faɗa ba.

Ban haƙuri ba ya fita daga bakin Tara, ba a saba ba, ba kuma ranar za a fara ba. Abin da ya yi shi ne ya matso da kujera, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur a ƙarƙashin fitila, ya ware yatsun duka.

"Ubanka ne ya hana ka," ya ce. "Ni na ɗage. Kalla."

Injiniya ya yi jim, kamar ranƙwashin zai sauko daga wani wuri. Sannan ya sunkuya ya kalla, tun daga wuyan hannun har guntun, ya daɗe yana kallo.

"Baffa, irin hannun Baba ne sak."

Tara ya bar hannun a wurin har yaron ya gama share fuska. Sannan ya janye, ya ciro abin kunnensa daga jaka ya sa, ya gyara zama gaban Beben. Ya ce a kunna, amma a rage masa ganga.